Amanar da Sistoci Suka Bari a Jami'ar Xavier

A birnin New Orleans, cikin jihar Louisiana ta kudancin Amurka, akwai wata jami'a da a ke kira Xavier, wadda ta cika shekara 100 a 1925 zuwa 2025. Ba ta cikin manyan jami'o'in ƙasar wajen yawan ɗalibai ko yawan dukiya, gama ɗalibanta 'yan dubbai kaɗan ne. Amma a duk faɗin Amurka ita kaɗai ce jami'ar darikar Katolika da aka kafa musamman domin baƙar fata, kuma mata ne suka kafa ta, watau sistoci, matan nan da su kan bar aure da dukiya su ba da ransu ga ibada da hidimar jama'a. Abin da ya sa muka ɗauko zancenta shi ne wata tambaya da ta daɗe tana damun masu kula da irin waɗannan makarantu: idan waɗanda suka kafa makaranta don addini suka tsufa suka ƙare, me ya kamata magadansu su yi da wannan gado? Su riƙe shi, ko kuwa su ajiye shi su bi zamani?

Tambayar ba ta wasa ba ce. A 1965 sistocin Katolika a Amurka sun kai wajen 180,000, yanzu kuwa ba su kai 40,000 ba, kuma mafi yawansu tsofaffi ne. Kwalejoji da yawa da suka gina sun rufe. Kwalejin New Rochelle ta jihar New York ta rufe a 2019, haka nan Marygrove ta birnin Detroit a wannan shekara, sa'an nan Kwalejin Saint Rose ta Albany da Jami'ar Cabrini suka bi su a 2024. Waɗansu da ba su rufe ba sun bar sunan addini a bakin ƙofa kawai, ciki kuwa ba abin da ya bambanta su da kowace makaranta. Mu dai ra'ayinmu shi ne Xavier ta yi daidai da ta riƙe gadonta, kuma za ta yi babbar hasara ran da ta sake shi. Amma dole mu fara da tushe, gama tushiya mafarin dawa.

An haifi Katharine Drexel a birnin Philadelphia a 1858. Ubanta, Francis Drexel, babban mai banki ne, yana cikin attajiran Amurka na zamaninsa. Gidan kuwa gidan sadaka ne: matar uban da ta rene ta ta kan buɗe ƙofa kwana uku a mako, matalauta su shigo a ba su tufafi da magani da kuɗin hayar ɗaki, 'ya'yan gidan suna taya ta. Da uban ya rasu a 1885 ya bar wa 'ya'yansa mata uku ribar dukiya ta wajen dala miliyan 14. Katharine ta zaga yammacin ƙasar ta ga halin da 'yan asalin Amurka su ke ciki, waɗanda Turawa suka kira Indiyawa, ta kuma san halin baƙar fata na kudu, waɗanda ba su fi shekara 20 da fita daga bauta ba. A 1887 ta sami ganin Paparoma Leo na 13 a Roma, ta roƙe shi ya aika da masu aikin mishan wurin Indiyawan nan, ita za ta biya. Sai ya tambaye ta me zai hana ita kanta ta tafi. Wannan tambaya ta juya rayuwarta. A 1889 ta shiga gidan horon sistoci a Pittsburgh, a 1891 ta ɗauki alkawarin zuhudu ta kafa ƙungiyarta, wadda aka sa wa suna da Jibin Ubangiji, ibadar da ta fi kowace girma wurin Katolika. Aikin ƙungiyar guda ɗaya ne, a rubuce: hidimar Indiyawa da baƙar fata.

Don mai karatu ya san nauyin wannan aiki, sai ya san Louisiana ta lokacin. A New Orleans ɗin nan ne aka kama wani mutum mai suna Homer Plessy a 1892 don ya zauna a taragon jirgin ƙasa na Turawa, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 1896 kotu ta halatta raba farar fata da baƙar fata a wuraren jama'a. Makarantu suka rabu, kuɗin ilmi kuwa ya karkata gefe guda. A 1914 aka ɗauke Jami'ar Southern, wadda gwamnatin jiha ta kafa wa baƙar fata, daga New Orleans aka kai ta kusa da Baton Rouge. Babban bishop na birnin, James Blenk, ya gayyaci Drexel, ta sayi ginin da aka bari ta hannun wani wakili, domin da an san wa ke saye da kuma abin da za a yi da shi, da maƙwabta sun hana. A 1915 aka buɗe makarantar sakandare a ciki, aka sa mata sunan Francis Xavier, ɗan mishan ɗin nan da ya yi aiki a Indiya da Japan cikin ƙarni na 16.

Abin da sistocin suka yi bayan wannan ya kamata duk mai sha'anin ilmi ya lura da shi. Ba su yi gaggawar kiran wurin jami'a ba. A 1917 sai suka ƙara sashen horon malamai, domin a zamanin aikin malanta yana cikin 'yan ayyuka kaɗan da aka yardar wa mai ilmi baƙar fata, domin kuma ƙauyukan Louisiana cike su ke da yara marasa malami. Drexel ta gina ƙananan makarantun karkara fiye da 20, waɗanda aka horar a Xavier suka je suka koyar a cikinsu. Sai a 1925 aka buɗe kwaleji mai ba da digiri, a 1927 aka buɗe sashen koyon haɗa magunguna, a 1928 aka ba da digiri na fari, a 1932 aka keɓe babban ginin da ke mazauninta na yanzu. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai, aikinmu kuma duba makarantu ne, mun san abin da wannan tsari ya ke nufi. Wanda ya horar da malami ɗaya ya koyar da aji bayan aji har shekara 30. Wanda ya gina bene bai tanadi malami ba, ya gina wa jemagu. Sistocin nan sun fara daga ƙasa, kuma kowane hawa da suka ƙara, bukatar mutanen da suka zo yi wa hidima ce ta sa su ƙara shi.

To, a nan ne mu ke ganin ma'anar gadon Katolika na wannan jami'a. Lalle akwai ɗakin sujada, akwai gicciye, akwai addu'ar da a ke yi kullum, kuma taken jami'ar da Latin ma'anarsa ita ce da taimakon Allah ba abin tsoro. Amma abin da ya fitar da 'yar attajiri daga gidan ubanta imani ne da cewa kowane ɗan Adam Allah ne ya halicce shi da daraja, kuma wanda doka ta tura baya yana da hakki a kan wanda ya ke gaba. Daga wannan imani aikin ya fito. Saboda haka in a ke so a auna ko jami'ar ta riƙe gadonta, sai a duba wa ta ke ɗauka, da abin da ta ke mai da shi.

An gwada ta sau uku, kuma kowace gwaji tana da darasi.

Ta fari ita ce ta kuɗi. Francis Drexel ya rubuta wasiyyarsa don ya tsare 'ya'yansa daga masu auren dukiya: su ci riba muddin suna raye, in kuwa suka mutu ba 'ya'ya, uwar kuɗin ta tafi ga waɗansu gidajen sadaka da ya lissafta. Ƙungiyar 'yarsa ba ta cikin lissafin, gama ba a kafa ta ba tukuna sa'ad da ya rubuta. Katharine ta yi tsawon rai, ta kashe wajen dala miliyan 20 a kan makarantu da gidajen mishan, ita kuwa tana zaman talauci irin na sauran sistoci. Ta rasu ran 3 ga Maris 1955 tana da shekara 96, ran nan kuma rijiyar ta ƙafe. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Makarantar da kuɗin mutum ɗaya ne kaɗai ke riƙe da ita, da ta bi shi kabari. Xavier ta tsaya, domin a lokacin ta riga ta yaye malamai da masu haɗa magunguna da suka san abin da ta yi musu, sistocin kuma suna koyarwa ba su neman albashi irin na sauran malamai.

Ta biyu ita ce ta mulki. A 1968 sistocin suka ba Norman Francis shugabancin jami'ar. Shi ne baƙar fata na fari da ya riƙe ta, shi ne kuma na fari wanda ba fada ba ne ba kuwa sista ba. Ɗan wanzami ne daga garin Lafayette, ya gama Xavier a 1952, ya karanta shari'a a Jami'ar Loyola ta New Orleans ya gama a 1955. An riga an ga halinsa a 1961, sa'ad da ya ke kula da ɗalibai maza. A watan Mayu na shekarar waɗansu matasa, farare da baƙaƙe, suka shiga motocin haya tare don su karya al'adar raba kujeru a kudu, aka ƙona motarsu a Alabama aka yi musu dūka. Da suka iso New Orleans mutane suna tsoron saukar da su, sai ya nemi iznin shugabar jami'ar, wadda sista ce, aka ɓoye su a ɗakin kwanan ɗalibai. Bayan ya hau, sistocin suka mai da ikon jami'ar hannun kwamitin amintattu wanda ya haɗa su da waɗanda ba 'yan zuhudu ba. Francis ya yi shekara 47 a kan kujerar, har 2015, sa'an nan Reynold Verret, masanin kimiyya haifaffen Haiti, ya gaje shi. Mu a ganinmu wannan mika mulki yana cikin manyan ayyukan sistocin. Sun gane cewa amanar ta fi ƙungiyarsu girma, suka ba da ita tun suna da ƙarfin koya wa magaji.

Ta uku ita ce ta ruwa. A ƙarshen Agusta 2005 guguwar Katrina ta faɗa wa gaɓar Louisiana, katangun da ke tare ruwa suka fashe, mafi yawan birnin ya nutse, harabar Xavier ma ta sha ruwa, gidan shugaban kansa ya lalace. Mutane da yawa sun ɗauka sai bayan shekara guda ko fiye za a koma karatu. A Janairu 2006 aka buɗe, mafi yawan ɗaliban kuma suka komo. Cikin waɗanda suka kawo gudummawa akwai ƙasar Qatar, wadda ta ba jami'ar dala miliyan 17.5, aka gina sabon ginin sashen haɗa magunguna da kaso mafi girma, aka buɗe shi a 2010 da sunan Qatar, sauran kuma aka biya wa ɗaliban da ambaliyar ta shafa kuɗin karatu. Ƙasar Musulmi ce ta taimaki jami'ar Katolika, ba ta ce sai an sauke gicciye ba, jami'ar kuma ba ta ɓoye shi ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Yanzu sai mu duba 'ya'yan itacen. Baƙar fata wajen 13 ne cikin 100 na mutanen Amurka, amma cikin likitocin ƙasar ba su kai 6 cikin 100 ba. Shekaru da yawa wannan 'yar ƙaramar jami'a ta fi kowace a Amurka aika ɗalibai baƙar fata zuwa makarantun koyon likita, har da jami'o'in da suka ninka ta sau goma. Yadda ta yi ba sihiri ba ne, aikin malanta ne tsantsa. Malaman kimiyya na shekarar fari suka haɗa kai a kan manhaja ɗaya, suka rubuta littattafan aiki da kansu, suka riƙa yin jarrabawa da wuri kuma a kai a kai, duk wanda aka ga yana tangaɗi a kira shi tun bai faɗi ba. Suka shirya darussan hutun bazara don yaran sakandare, suka saba wa ɗalibai karatu ƙungiya ƙungiya, mai ƙarfi ya ja mai rauni. A jami'o'i da yawa ajin farko na kimiyya rariya ce ta tankaɗe ɗalibai a zubar da tsaki. A Xavier an ɗauka yaron da ya zo da rauni makarantar da ya fito ce ta gaza, aikin malami kuwa ya cike giɓin. Wannan shi ne imanin Drexel, an mai da shi jadawalin aji. Daga nan Ernest Morial ya fito, wanda ya zama magajin garin New Orleans baƙar fata na fari a 1978, da Alexis Herman, ministar ƙwadago ta Amurka daga 1997 zuwa 2001, da Regina Benjamin, babbar likitar gwamnatin ƙasar daga 2009 zuwa 2013.

Akwai masu suka, kuma ba za mu toshe kunne ba. Waɗansu sun ce mafi yawan ɗaliban Xavier ba 'yan Katolika ba ne, to, me ya sa za a ci gaba da kiranta ta Katolika? Gaskiya ne ba su ne mafi yawa ba. Amma wannan shaida ce a gare ta. Makarantar da ta buɗe ƙofa ga kowa, ba ta tilasta wa kowa barin addininsa ba, iyaye kuwa na darikoki dabam dabam suna kawo mata 'ya'yansu shekara 100, ta nuna cewa addinin masu ita bai zama shinge ba. Su kansu waɗanda ba Katolika ba, abin da ya jawo su shi ne kulawar da addinin nan ya haifar. In aka sare itacen don masu shan inuwa ba su ne suka dasa shi ba, kowa zai sha rana.

Waɗansu kuma sun ce sistocin ba su kuɓuta daga laifin zamaninsu ba. Wannan ma gaskiya ne, ya kamata a faɗe shi. Ƙungiyar da aka kafa don hidimar baƙar fata ta yi shekaru masu yawa ba ta karɓar 'yan mata baƙar fata su zama sistoci a cikinta, sai ta tura su ƙungiyoyin baƙaƙe. An yi shekara 43 daga buɗe kwalejin kafin baƙar fata ya shugabance ta. Makarantun kwana na mishan da aka yi wa 'ya'yan Indiyawa kuma, jikokinsu da yawa suna kuka da su a kan raba yara da harshensu da al'adunsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai riƙon gado na gaskiya ya kan faɗi inda magabata suka yi kuskure, ya gyara da ma'aunin da su kansu suka bar masa. Mun ga alamar wannan a 1980, sa'ad da aka kafa cibiyar nazarin addinin Katolika na baƙar fata a Xavier, inda baƙaƙen Katolika ke nazarin tarihinsu da ibadarsu da bakinsu.

Haɗarin da mu muka fi jin tsoro dabam ne, shi ne haɗarin nasara. Paparoma John Paul na 2 ya zo harabar Xavier a 1987 ya yi wa shugabannin jami'o'in Katolika na Amurka jawabi, a 1990 ya fitar da takarda a kan abin da ya kamata jami'ar Katolika ta zama, a 2000 kuma ya ɗaga Katharine Drexel zuwa matsayin tsarkaka. A 2012 aka keɓe sabon ɗakin sujada mai sunanta. A 2023 jami'ar ta sanar da shirin kafa makarantar koyon likita tare da asibitocin Ochsner. Duk wannan girma ne, muna kuwa taya su murna. Amma suna ya kan jawo masu hali, masu hali su kan jawo tsadar kuɗin makaranta, tsada kuwa ta kan kori ɗan wanzami. Makaranta tana iya cika da gicciye da hotunan wadda ta kafa ta, alhali yaron da aka kafa ta dominsa yana tsaye a waje ba shi da kuɗin shiga. Ran da haka ta faru an ci amana, ko da ana addu'a sau biyar a ɗakin sujada.

Sistocin kansu sun ragu ƙwarai. Ƙungiyar da ta taɓa haura mutum 600, a 2016 ta sanar za ta sayar da babban gidanta na Bensalem a jihar Pennsylvania, a 2018 aka ɗauke ƙasusuwan Drexel aka kai babbar majami'ar Philadelphia. Saboda haka nauyin ya koma kan amintattu da malamai, waɗanda da yawansu ba su taɓa zama aji a gaban sista ba. Shawararmu gare su ita ce, duk sabon malamin da za a ɗauka, ko mai wane addini ne, a gaya masa tarihin wurin tun ran fari, a kuma tambaye shi ko ya yarda ya zauna da ɗalibi mai rauni bayan an tashi aji. Kowace shekara kuma amintattu su nemi a kawo musu lissafin 'ya'yan matalauta nawa aka ɗauka da nawa suka gama, su duba shi kafin su duba lissafin gine-gine. Kada kuma a yi wa sashen horon malamai riƙon sakainar kashi don sashen likita ya fi shi kawo suna, gama da shi aka fara a 1917, kuma yaron da zai zama likita sai ya bi ta hannun malamin firamare tukuna.

Muna fata masu riƙe da Xavier za su shiga ƙarni na biyu da wannan lissafi a hannunsu. Allah ya ba su ikon riƙon amana.